Ranar da Ban Sauka Daga Keke Ba

Daga Malbaza zuwa garin yarinyar da nake nema tafiyar awa ɗaya da rabi ce a keke, in ƙaya ba ta tsayar da kai ba. Shekara biyu na yi ina bin hanyar nan kowace Juma'a. Ni tela ne, shagona yana bakin kwalta inda manyan motocin siminti suke wucewa suna girgiza mana ƙofofi. Abokaina duk sun sayi babura, ni na riƙe kekena, wani baƙi mai kariya a baya da ƙararrawa mai zaƙin murya. Suna mini dariya, ina yi musu. A ganina mai babur wucewa kawai yake yi, ba ya ganin komai.

In ka bar kwalta ka karya ka hau burji, sai duniya ta sake. Hanya ja ce, cike da tsakuwa, tayoyi suna taka ta tana ƙara kamar ana soya gyaɗa. Akwai wuraren da ta yi gargada har haƙoranka su riƙa haɗuwa, dole ka koma gefe inda amalanke suka daddale, can kuma tsidau yake jiran taya. Ban taɓa fita ba faci da famfo ba. Kan tudu ne, babu abin kallo, sabara ce da duwatsu da awaki. Akwai wani babban gari a ƙarshensa mai masallacin Juma'a, nan nake salla. Da ka wuce garin kaɗan sai ƙasa ta buɗe a gabanka, kwarin Maggiya ya bayyana a ƙasa, kore shar, fangalan albasa a jere, mangwarori sun yi duhu a bakin ƙorama, injinan ban ruwa suna tari daga nesa. Daga nan gangare ne dogo mai kwana ɗaya a tsakiya. Ka saki feda, iska ta cika maka riga, ƙamshin lawashi da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tarye ka tun kafin ka kai. Duk wahalar tudun nan don wannan gangaren nake shan ta.

Ina karatun littattafan soyayya, irin waɗanda ake kawowa daga Sakkwato a baza a kasuwar Ƙwanni. Akwati guda gare ni. A cikinsu na koyi yadda so yake tafiya, na kuma san abokan gabarsa: attajiri mai mota, uba mai taurin kai, ciwon da likita ya kasa ganewa. Duk na shirya musu. Ina tafe a keke ina tsara abin da zan gaya wa attajirin in ya zo.

Ita kuwa a shago na fara ganinta. Sun zo ita da yayarta ɗinkin salla, ta tsaya ta yi ta musu da ni a kan hannun riga har sai da na warware na sake. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi sai ka ji ta a ƙashi. Da na fara zuwa zance, bayan la'asar ake shimfiɗa mini tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi ta ƙofar gidansu. In na ce mata ita ce farin watan da ke haska zuciyata, sai ta gyara mayafi ta dube ni.

"Malam tela, wagga magana a bakinka tat tsira, ko a littahi kat tsinto ta?"

"Daga zuciya take, gimbiya."

"To zuciyar nan ta sha ruwa dai. Ga hura."

Amma tana sona. Wannan ban yi shakka ba a lokacin, yanzu ma ba na yi. Takan aje mini gwaiba a cikin kwano, ta rufe da faifai. Ranar da na zo da gwiwa a goge, tsakuwa ta kayar da ni, da kanta ta kawo ruwan zafi da gishiri.

Mahaifinta manomin albasa ne, dogo, siriri, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Tsakanina da shi babu magana sai gaisuwa, kuma gaisuwar tana da tsari. In na hango shi a hanya, tun daga nesa zan sauka, in kwantar da keke, in tuɓe takalma, in durƙusa a gefe kaina ƙasa. Shi kuma ya amsa bai dube ni sosai ba, ya wuce, sa'an nan in tashi. Haka kowane mai neman aure yake yi a wajenmu, mai babur ma kashe shi yake ya sauka. Na yi wannan ban san iyaka ba, ban taɓa jin nauyinsa ba. Da yake mahaifina ya rasu, ƙanensa, Baffa, shi ya kai kayan na-gani-ina-so. Aka karɓa. Aka ce in an cire albasa za a sa rana.

Mai gyara mini keke taubashina ne, ɗan goggota, rumfarsa tana kusa da tasha. Wata Alhamis na kai masa ya ɗaure mini kaca, ya matsa birki ya ji, ya kwashe da dariya.

"Kai bawana, birkin ga ya rasu tun bara, ba ku yi mai sutura ba? Bar shi nan in sa maka sabo, ka amsa da marece."

"Gobe in na dawo."

"In ka dawo da haƙoranka dai. Amarya ba ta son giɓi."

Ban bar shi ba. Hankalina yana kan wata shadda ruwan toka da nake ɗinka wa kaina, ina so in gama ta a ranar. Ga kuma sababbin takalma sau-ciki da na sayo a Ƙwanni, baƙaƙe, suna ƙyalli har kana ganin fuskarka. Rashin birki kuma bai dame ni ba, don duk mai hawan keke a ƙasarmu ya san maganinsa. Ƙafa kake ɗagawa ka danna tafin takalmi a kan tayar gaba, ta ci takalmin, keke ya lafa. Watanni na yi ina sauka gangaren nan haka, har tsohon silifas ɗina ya yi rami a tsakiya.

Kullum in an idar da Juma'a nakan zauna a inuwar masallaci sai rana ta yi sanyi, mutanen kwari sun isa gida. Ran nan ban iya zama ba. Sabuwar riga tana cina, ina so ta gan ta kafin zufa ta ɓata ta. Ana sallamewa na ɗan jira kaɗan, na hau.

Na saki feda. Keke ya ɗauki gudu, tsakuwa tana tsalle, rigar ta kumbura a bayana, ina jin kaina kamar wani da aka rubuta. Ina shan kwanar nan sai ga dattawa huɗu a gabana, sun ba ni baya, sun cika hanya, suna gangarawa a hankali da tabarmin sallarsu a hammata. Na uku daga dama yana ɗingisa ƙafar hagu.

Na daɗe ina gaya wa mutane cewa babu lokaci. Ƙarya nake. Akwai lokacin da za a karanta Fatiha a nitse. Na ɗaga ƙafar dama zan danna taya, idona ya faɗa kan takalmin. Na ga ƙyallinsa. Na san abin da tayar za ta yi masa. Ƙafar ta tsaya a sama, ba ta sauka ba, ba ta koma ba, tazarar kuma tana cinyewa. Ko a lokacin da na karkata gefe na zube a cikin sabara, da gwiwa kawai zan goge, su taso su ɗaga ni suna sannu. Sai babban yatsana ya yi abin da ya saba yi wa awaki. Na kaɗa ƙararrawa.

Suka watse. Biyu suka yi hagu, ɗaya ya yi dama. Shi ya waiwayo, muka haɗa ido, ya yi tsalle da ƙafar nan mara lafiya, ta ƙi ɗaukarsa, ya zauna daɓas a kan tsakuwa. Na ratsa ta tsakiyarsu. Da na waiga, hularsa na gani tana gangarowa a bayana, ga kansa a buɗe, fari fat da furfura. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai ranar.

Yashin ƙorama ne ya tsayar da ni a ƙasa. Na sauka ina haki. Daga inda nake ina hangensu, an ɗaga shi, ana kakkaɓe masa riga, wani ya bi hular. Duk suna duban ƙasa, wajena. Abin da ya kamata in yi ko yaron goye ya san shi: in yar da keken, in tuɓe takalman nan, in hau da gudu in faɗi a gabansa. Ƙafafuna suka ƙi. Kunya ta rufe ni. Na ja keken na shige cikin lambuna, na bi ta gefen fangalai, ta ƙarƙashin mangwarori, mata masu dakan gabu suna kallona da sabuwar riga ina taka laka. Na zagaya ta wata hanyar shanu na hau tudu, na koma Malbaza ban ga kowa ba.

Ban gaya wa Baffa ba. Ban gaya wa taubashina ba. Na zauna a shago na sayi takarda na rubuta mata wasiƙa shafi huɗu. Har yau ina tuna wasu wurare, kuma in na tuna sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige. Na ce ƙaddara ta jarrabi ƙaunarmu. Na ce zinariya sai ta sha wuta. Na ce zuciyata jirgi ne a tsakiyar teku, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba. Na roƙe ta gafara sau bakwai. Mahaifinta kuwa layi ɗaya ya samu, shi ma cewa na yi in Allah ya so zai fahimce mu. Na ba wani ɗan kabu-kabu mai zuwa wajensu ya kai.

Amsa ba ta zo ba. Tana da waya, ina da waya, ban kira ba. A littattafaina shiru yana da ma'ana, masoya sukan yi wata ba su ga juna ba, kowa yana ramewa a ɗakinsa, sa'an nan a haɗu a yi kuka a shirya. Na ɗauka a wannan babin muke. Na rage cin abinci, har ina duba madubin shago in ga ko na faɗa. Juma'a uku suka wuce.

Baffa a kasuwar Galmi ya ji. Wani dillalin albasa ne ya ba da labarin ana dariya, bai san wanda ke zaune kusa da shi ba. Bai biya gida ba, shago ya zo mini, ya tsaya a bakin ƙofa ko sallama bai yi ba.

"Kai. Gaskiya ta ka yi ma surukinka ƙararrawa?"

Na sunkuyar da kai.

"Yaushe?"

"An yi sati uku, Baffa."

"Sati uku! Ni ina nan da raina, ina cin tuwo da kai, ba ka hwaɗa mani ba? Mi kay yi tun rannan?"

"Na rubuta mata wasiƙa."

Ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

"Wasiƙa. Ita ka kayar? Ɗana, zuwa da kai ya hi aike, wanga ko mahaukaci ya sani. Da rannan kaz zo mani, da sahe mu ɗauki goro mu tahi, ka durƙusa ka sha hwaɗa, a yi dariya a tashi. Wa bai taɓa hwaɗuwa da keke ba? Amma ka bar tuwo ya kwana uku, yanzu ka ce in ɗumama."

Washegari ya tafi da goro da wani dattijon unguwarmu. Ni aka ce in zauna. Da suka dawo bayan azahar na same shi yana alwala.

"Ya amshe mu da mutunci," in ji shi. "Ya sa an kawo muna hura. Da nit tada maganar, sai yac ce shi bai ga kowa ba rannan, iska ta ta ɗauke mai hula. Yac ce maganar aure wajenai tana nan inda take, shi bai tada ta ba. A tambayi yarinya."

Na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Na ce alhamdu lillahi. Baffa ya ci gaba da wanke ƙafa. Da ya gama ya ce, "Da hushi yay yi, da mun samu abin roƙo."

Ban saurare shi ba. Uba ya sauka, saura masoyiya, ita kuwa tawa ce. Na sa taubashina ya sa sabon birki gaba da baya, bai ko tsokane ni ba, abin da ya kamata ya ba ni tsoro. Ranar Juma'a na hau. An fara cire albasa, kwarin ya sake kama, koren ya ja baya, ko'ina tulin albasa ja a rana, maza suna cusa ta a buhu, amalanke suna hawa da ƙyar. Na sauka gangaren a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ba a shimfiɗa tabarma ba. Yayarta ta leƙo ta ce tana lambu. Can na same ta zaune a inuwar rudu, rumbun karan da ake aje albasa, tana yanke lawashi da wuƙa. Na jingine keke na yi sallama. Ta amsa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, hannunta bai tsaya ba.

"Kin ga wasiƙata?"

"Na gani."

"Ba ki ce komai ba."

"Mi za ni cewa? Ban ga tambaya a ciki ba."

Na fara abin da na tsara a hanya, cewa birki ne, cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ta aje wuƙar.

"Malam tela, wata nawa kana sabkowa gangaren ga ba birki? Ni da kaina na ga ramin silihwas ɗinka, har na yi maka dariya. Rannan mi yah hana?"

Ta dubi ƙafata. Takalman ne a ƙafata, na goge su da safe.

"Wannan ma na bar shi," ta ce. "Mutum shina ruɗewa. Ka san abin da Baba yay yi? Da yad dawo bai hwaɗa ma kowa ba, wajen maƙwabta munka ji. Da sahe yas sa anka share zaure, anka shimhiɗa sabuwar tabarma. Yaz zamna. Albasa ta kai, ana jiranai lambu, yac ce ƙahwa na ciwo. Ƙahwa ba ta ciwo. Ku yaka jira, kada ku zo ku iske ba shi nan ku ji kunya. Kwana uku shina zamne, in ya ji babur shi gyara riga. Ni ka kai mai abinci, ina gani. Rana ta huɗu da kainai yan naɗe tabarmar."

"Wallahi ban sani ba."

"Ina za ka sani? Kana can kana cikin teku."

Wani injin ban ruwa ya tashi a lambun gaba. Ta jira ya daidaita.

"Har yau in ya wuce majalisa, akwai mai yin kilin-kilin da baki. Tsoho na, sa'anai, wasa yaka yi. Baba shi yi dariya. In ya shigo gida ni ka ganin huskatai."

"Amma ya ce maganar tana nan. Ya yafe."

"Shi ya yahe. Ai shi babba na. In nac ce ina so, gobe shi ɗaura, shi kuma zamna da kai shekara da shekaru kana durƙusa mai shina amsawa. Ni ba ni iya kallon wannan."

Na kira ta gimbiya. Na ce mata ba zan rayu ba. Na durƙusa a cikin lawashin nan da ke ƙasa, hawaye suna zuba, na gaske, ba na littafi ba. Ita ma idonta ya kawo ruwa, amma mai yankan albasa ba a gane kukansa.

"Tashi, yayana," ta ce. Ba ta taɓa kirana haka ba. "Tashi kar a gan ka. Za ka rayu. Ka gaida Baffa."

Ta ɗauki wuƙarta.

Bayan sati biyu wata tsohuwa ta maido kayanmu a ƙunshe, ta yi ta ba Baffa haƙuri kamar su suka yi laifin. Na jira in ji wane attajiri ne ya shigo, don in samu wanda zan tsana. Babu. Shekara guda ta yi a gida ba ta tsaya da kowa ba. Wanda ta aura daga baya mai gyaran injin ban ruwa ne daga wajen Dogarawa, gajere, kullum hannunsa baƙi da mai, in ya yi magana sai ka matso za ka ji. Na neme shi da aibu ban samu ba. Na tsani garinsu, na tsani tsohon nan mai kilin-kilin, na tsani al'adar da ke auna mutum da saukarsa daga keke, na yi shekaru ina faɗin haka a duk inda aka zauna. Mutane su gyaɗa kai, ba wanda ya taɓa ce mini na yi gaskiya.

Da bikin ya matso, yayarta ta zo Malbaza da kayan ɗinki. Ta wuce ƙofata ta gaishe ni da kyau, ta shiga shagon telan da ke jikin nawa. Bango ɗaya ne tsakaninmu, na kwano. Kwana biyar ina jin keken ɗinkinsa yana tafiya a kan kayan aurenta. Rana ta uku ya leƙo da guntun atamfa a hannu, ya ce zarensa shuɗi ya ƙare, ko ina da irin wannan. Na karɓi ƙyallen na kai shi bakin ƙofa wajen haske, na gwada da zare uku, na zaɓa masa wanda ya fi dacewa.